Motar Kara, Buhun Wake da Kofin Gasa: Ina Rabon Ɗan Gozaki a Kyaututtukan Kimiyya?

Da zarar an yanke dawa an kai gida, kara ya bushe a gona, sai masana'antar yara ta buɗe. Duk wanda ya tashi a karkarar kudancin Katsina ya san ta. A gindin darbejiya ko a bayan danga za ka tarar da su, su uku su huɗu, kowa da tsohuwar reza ko guntuwar wuƙa. Ana feƙe bayan kara a fitar da tsinke, ana yanka totuwa daidai wa daida, a soka wannan cikin wancan har gangar jikin tirela ta tashi. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta. Wanda hannunsa ya faɗa yakan yi mata sitiyari da dogon kara, yana tafe yana murzawa, tayoyin gaba suna karkata. Idan motar ta riƙa jan gefe guda ba ya neman kowa. Zai durƙusa ya ƙura mata ido, ya gane taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ya rage ta da reza, ya sake turawa ya gani.

Wannan durƙuson shi ne abin da ya kawo ni. Yaro ya lura da matsala, ya yi hasashen dalilinta, ya canza abu ɗaya tak, ya sake gwadawa. Farfesan da ke ɗakin bincike ma bai wuce haka ba, kayan aikinsa ne suka fi tsada. Amma yaron nan zai shiga sakandare, ya yi shekaru ana kiran sa ɗan ajin kimiyya, ya fito bai taɓa auna wani abu da hannunsa ya rubuta abin da ya gani ba. Kuma ba don ƙasar nan ta rasa gasanni da kyaututtuka na ƙarfafa kimiyya ba ne. Suna nan birjik. Tambayar ita ce me suke sakawa a kai, kuma wa suke kai wa.

Gozaki, a ƙaramar hukumar Kafur, ba baƙon suna ba ne a tarihin ƙasar Katsina. Masana irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman sun lissafa shi cikin tsofaffin garuruwan kudu, tare da Maska, waɗanda suka yi suna a noman hatsi da auduga tun kafin jihadi. Zuwan Turawa ya ƙara wa audugar kasuwa, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. A 1975 kuma aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. Daga lokacin ne masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta zama amfanin gona na buhu ɗari-ɗari. Manoman yankin ba lacca ce ta sa suka rungume ta ba. Gonar gwaji suka gani a bakin hanya, suka ga zangarniya, suka ƙirga buhu. Mutanen da suka saba da "bari in gwada a kunya biyu in gani" ba su ne za a koya wa darajar gwaji ba. 'Ya'yansu ne makaranta ta raba da shi.

Kofuna da yawa, hanya ɗaya

Mafi daɗewa cikin masu shirya wa ɗalibai gasar kimiyya ita ce ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda aka kafa a 1957. Tana shirya kacici-kacici da baje kolin ayyukan ɗalibai. A ƙarshen shekarun 1980 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ɓullo da JETS, wato kulob na ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya, da nufin kowace sakandare ta kafa nata. Gasar JETS tana tasowa daga makaranta zuwa shiyya, zuwa jiha, zuwa ƙasa, kuma tana da ɓangare biyu: na amsa tambayoyi da na ƙirƙirar wani abu da hannu. A takarda, ita ce ta fi kusa da yaronmu mai motar kara.

Sai waɗanda suka fi kuɗi da amo. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya sha shirya kacici-kacicin kimiyya. Akwai Cowbellpedia da InterswitchSPAK da ake nunawa a talabijin, inda ɗalibi ke tsaye gaban na'ura agogo yana bugawa. Akwai kuma lambar yabo ta Shugaban Ƙasa ga matasan masana kimiyya, wadda Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta yi wa laƙabi da 774, adadin ƙananan hukumomin Najeriya, don nuna cewa kowace ƙaramar hukuma tana da kujera, har da Kafur. Ana tace ɗalibai daga ƙananan hukumomi zuwa jihohi, zakarun su haɗu a Abuja. A zamanin Shugaba Muhammadu Buhari an riƙa bai wa ukun farko tallafin karatu har zuwa digirin digirgir a jami'o'in cikin gida. Kyauta ce mai tsoka, ba wanda zai raina ta.

Amma jarrabawa ce ta alƙalami da takarda. Haka sauran na talabijin: gudun ƙwaƙwalwa ne da ƙarfin hadda. Ba laifi ba ne yaro ya iya lissafi cikin daƙiƙa goma, sai dai wanda ke cin irin wannan gasa, galibi, shi ne wanda makarantarsa ke da malamin da aka ware don horar da shi, da tarin tambayoyin shekarun baya, da motar kai shi wurin gasa. Ɗalibin makarantar je-ka-ka-dawo a ƙauye, wanda malamin lissafinsa shi ne na fiziks kuma shi ne na kemistiri, yakan ji labarin gasar ne bayan an raba kyauta. Kuma a kowace gasa ta kofi, mutum uku ke dariya, dubbai su koma gida hannu rabbana.

A cikin aji ma labarin bai canza ba. Hukumar WAEC kan aika wa makarantu jerin kayan da za a tanada kafin jarrabawar gwaji. Makonni kaɗan kafin ranar sai a nemo mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje, a share ƙura da yanar gizo-gizo, a tara 'yan aji shida a nuna musu yadda ake ɗiga ruwan asid har launi ya juya, da yadda ake ƙirga lilon ƙarfe a jikin zare. Mutum talatin kan bututu ɗaya. Daga nan sai a kulle sai baɗi. Malamin da ya yi ƙoƙarin fita da ɗalibai waje su duba wani abu, tambayar farko da zai sha ita ce: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Ba laifin yaran ba ne. Sun gane inda ake rabon, can suka nufa.

Dattawan malamai suna tuna wani yunƙuri da ya gabata. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, na aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. A makarantu da dama akwatunan sun shekara da shekaru ba a buɗe ba, saboda babu wuta, babu ɗakin da za a girka su, babu wanda aka koya wa sarrafa su. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne kaya ba su ne kimiyya ba. Har yau dai idan aka ce za a farfaɗo da kimiyya a makaranta, kwangilar sayen kaya ake fara tunani.

Jirgin kwali

Ɓangaren ƙirƙira na gasannin nan shi ma yana da ciwonsa, kuma ni ganau ne. Muna aji biyar a wata sakandare da ba sai na kira sunanta ba, aka aiko takarda cewa saura kwana tara a yi baje kolin shiyya. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma kwana tara ba ta isa a yi komai ba. Sai aka tara kuɗi aka kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya haɗa mana ƙararrawar kama ɓarawo a cikin akwatin katako. Aka zaɓi biyu daga cikinmu masu bakin Turanci, aka rubuta mana bayani muka haddace. Ranar gasa ƙararrawa ta yi ƙara, jama'a suka yi tafi. Sai ɗaya daga cikin alƙalan, wani siririn dattijo mai tabarau, ya nuna wani ɗan ƙaramin abu mai zanen launuka a jikin allon wayoyin, ya tambaye ni me zai faru idan aka cire shi. Na kalli abokina, abokina ya kalli silin. Mun zo na uku duk da haka, domin sauran ma masu gyaran rediyonsu ne suka yi musu.

Je ka kowane baje kolin ɗalibai a Arewa, abin da zai cika teburori sananne ne: jirgin sama na kwali mai farfela da batir, gidan sama na kwali mai ƙwan fitila, motar gwangwani mai rimot, man shafawa da sabulun ruwa a kwalba. Akwai basira a ciki, ba shakka. Amma kwaikwayon sura ne, babu tambayar da aka yi, babu amsar da aka samo. Alƙalai da manyan baƙi su ma abin da ke motsi ko walƙiya ke jan idonsu, shi ake ɗauka a hoto.

Duniya ma takan faɗa wannan rami. A 2012, a wani bikin masu ƙirƙira da aka yi a Legas, wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareta da aka ce yana aiki da fitsari, lita ɗaya ta ba da wutar sa'a shida. Labarin ya zaga duniya. Daga baya masana suka yi bayanin cewa wutar da ake kashewa wajen raba sinadarin da ke cikin fitsarin ta fi wadda ake samu. Yaran sun yi ƙoƙari, kuma sun cancanci yabo a kan ƙarfin hali. Manyan da ke kewaye da su ne ba su ce musu "ku auna abin da ya shiga da abin da ya fita" ba. Haka a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga sama 'yan ƙafafu. Jaridun duniya sun yi ta yayatawa. Mu kuma abin da muka koya daga labarin shi ne cewa ƙirƙira tana nufin jirgi.

Tukunya cikin tukunya

Alhali babbar kyautar duniya da wani ɗan Arewa ya ciyo da aikin hannu, da yumɓu ya ciyo ta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya fito ne daga gidan maginan tukwane. Kowace tsohuwa ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Shi sai ya tsaya a kan dalilin: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya tafi da zafi. Ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan miya a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Sai ya yi abin da ya bambanta shi da mai jirgin kwali: ya ƙirga kwanaki. Gauta da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka kai mako uku. Alayyafo da ba ya kwana ya kai kwana 12. Ya sa aka gina tukwane 5,000 da kuɗin aljihunsa ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabonsa da dala 75,000.

Babu wani abu a cikin wannan aiki da ya fi ƙarfin ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a Gozaki. Tukwane suna kasuwa, yashi yana rafi. Ma'aunin zafi guda ɗaya ne abin saye. Kuma tambayoyin ba su ƙare ba: sanyin da tukunyar ke bayarwa a watan Afrilu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, daidai yake da na Agusta da iska ke jiƙe? Yashin rafi ya fi, ko jar ƙasa, ko gawayi dakakke? Sau nawa ya kamata a jiƙa a yini? A inuwar ɗaki ko a inda iska ke kaɗawa? Yaron da ya yi wata guda yana duba ma'auni safe da azahar da magariba yana rubutawa, ya san ma'anar bushewar ruwa da tafiyar zafi fiye da wanda ya haddace ma'anarsu da Turanci.

A ƙasar Ayalan akwai baje kolin matasan masana kimiyya da wani limamin coci, Tom Burke, da abokin aikinsa Tony Scott suka fara a 1965. A 2013 wasu 'yan mata uku daga wani ƙaramin gari mai suna Kinsale suka lashe shi, a 2014 kuma suka lashe gasar kimiyya ta Google ta duniya baki ɗaya. Mafarin aikinsu shi ne 'yan ƙulle-ƙullen da aka gani a saiwar wani nau'in wake a lambun gida. Suka tambaya, aka ce musu wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki suna samar wa shukar taki daga iska. Sai suka ce, to in aka shafa wa irin hatsi fa? Suka gwada a kan dubban ƙwayoyin iri, suna ƙirga sa'o'in da kowanne ya ɗauka kafin ya tsiro. Wane yaro ne a Kafur bai taɓa tuge gyaɗa ko waken suya ya ga waɗannan ƙulle-ƙullen ba? Uban kowane ɗayansu ya san gonar da aka yi waken suya bana takan yi masara mai kyau baɗi. Tambayar tana kwance a gona, ba a dai taɓa gaya wa yaron cewa tambayar makaranta ce ba. Tanzaniya ta ari tsarin na Ayalan, ta fara nata baje kolin a 2012, Kenya ta biyo baya.

A ba duk wanda ya cika mudu

Tsarin da na fi ganin ya dace da irin yankinmu shi ne wanda ƙungiyar kimiyya ta Birtaniya ke gudanarwa tun 1986, mai suna CREST. Ba gasa ba ce. Babu na ɗaya, babu na biyu. An gindaya ma'auni, duk ɗalibin da aikinsa ya cika shi yana samun lambarsa, ko su dubu nawa ne. Lambar tagulla tana buƙatar aikin kimanin sa'a 10, ta azurfa sa'a 30, ta zinariya sa'a 70. Malamin makaranta na iya tantance ta tagulla, manyan kuwa sai an aika wa masu dubawa na waje. Abin da ake dubawa shi ne ko ɗalibin ya yi tambaya bayyananniya, ya tsara yadda zai amsa ta, ya rubuta abin da ya samu, ya kuma faɗi inda aikin ya ba shi matsala. Gwajin da bai ba da sakamakon da aka zata ba yana iya cin lamba, muddin an yi shi da gaskiya.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Makarantar allo ba ta cewa mutum uku ne kaɗai za su yi sauka bana. Duk wanda ya kai, an yi masa walima, an zana masa allo.

A ɗauki misali ɗaya a bi shi daki-daki. Wake yana shigowa gida da kaka, kuma kowa ya san abokin gabansa: ƙwaron da ke yin ƙwai a jikin ƙwaya tun daga gona, tsutsarsa ta shige ciki, bayan 'yan watanni ka buɗe buhu ka tarar da gari da huji. Saboda shi ne ake zuba wa wake magungunan da ba su dace da abinci ba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Ba shi da magani ko kaɗan. Iska yake toshewa, ƙwarin su shaƙe wadda ta rage su mutu.

Ɗaliba za ta sami mudu biyu na wake daga buhu ɗaya, ta gauraya sosai, ta raba kashi huɗu. Kashi ɗaya a gorar roba da aka cika maƙil aka ɗaure murfinta da leda. Ɗaya a gauraye da toka kamar yadda kakarta ke yi. Ɗaya da busasshen ganyen darbejiya ko barkono. Na huɗun a bar shi haka nan a ƙyalle, ba a yi masa komai ba, domin shi ne zai nuna ɓarnar da za a yi in an zura ido. Wannan na huɗun shi ne ɗalibai suka fi mantawa, kuma in babu shi sauran ukun ba su da abin da za a gwada su da shi. Ranar farko ta ɗebi ƙwaya 100 daga kowane kashi ta ƙirga masu huji. Bayan wata uku ta sake ƙirgawa. Gorar roba kuwa ba za a riƙa buɗe ta ana leƙawa ba, in an buɗe an ɓata gwajin, don haka mai wayo za ta cika gora uku ta riƙa buɗe ɗaya kowane wata. Daga ƙarshe ta jiƙa tsumma ta jera ƙwaya ashirin-ashirin ta ga wanne ne har yanzu zai tsiro. Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai na kwalin fenti da batir da ake kashewa a jirgin kwali ba, kuma amsar da za ta samu mahaifiyarta za ta yi aiki da ita.

Irin waɗannan tambayoyi ba sa ƙarewa a wannan yanki. Tsutsar masara da ta ɓulla a 2016, wasu manoma suna zuba mata toka ko yashi a cikin kunnen shuka: yana aiki, ko ɗaukar alhaki ne? A ƙirga shuka hamsin-hamsin a gani. Irin da aka sayo a kasuwa da wanda aka ajiye a gida, wanne ya fi tsirowa cikin ɗari? Ƙuduji ya fi yawa a gonar da aka maimaita dawa ko a wadda aka yi karɓa-karɓa da waken suya? Gorar ruwa da aka yanke aka manna mata rula ta isa ma'aunin ruwan sama. Makarantu goma a Kafur da Malumfashi da Bakori da Danja, kowacce tana rubuta ruwan da ya sauka kullum, cikin shekara biyar za su tara abin da babu ofishin da ke da shi a kan waɗannan ƙauyuka.

Kalandar ma tana gefenmu, in an lura. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da yaran suke gona ko an so ko ba a so. A tsara tambaya a zango na uku, a yi awo a lokacin hutu, a rubuta a zangon farko, a baje koli da kaka. Gasannin da ake tsarawa daga Abuja ba ruwansu da wannan.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan ce abin mai sauƙi ne ba. Na farko, malami. Wanda bai taɓa yin bincike da hannunsa ba a kwalejin horon malamai, da wuya ya ja yaro ya yi. Ga aji mai ɗalibai tamanin, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, shi ma yana da gonarsa da ke jiran sa. Duk tsarin da ya ba ɗalibi lamba ya manta da malaminsa ba zai shekara biyu ba. Takardar shaidar da za ta yi amfani wajen ƙarin girma ta fi masa kofi.

Na biyu, tsaro. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. An sako 344 bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma iyaye da yawa hankalinsu bai sake kwanciya da kwanan ɗa a makaranta ba. Tun da Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, dabarar Arewa ita ce a tsamo masu ƙwazo a tara su a makarantar kwana mai kayan aiki. Dabarar ta haifar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sai dai yanzu mafi yawan yara a makarantun je-ka-ka-dawo suke, kuma uban da ke jin tsoron hanya ba zai bar 'yarsa ta tafi Katsina ko Abuja gasa ba. Lambar da za a iya ci ba tare da an bar gari ba, a aika littafin awo ko hotonsa ta waya, ita ce za ta isa ga 'yan mata. An ga abin da suke iyawa in an ba su fili: a 2018 wasu 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onica suka ci zinariya a gasar Technovation a Amurka da manhajar gane jabun magani. Jihar Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da shirin AGILE na Bankin Duniya ya shiga don karatun 'yan mata, an gyara azuzuwa da dama. Abin da za a yi a cikin azuzuwan shi ne magana.

Na uku, wa zai duba, wa zai biya. Nan kam yankin ba maraya ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, inda ake fitar da irin auduga da masara da dawa da wake da manoman nan ke shukawa, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu ce daga Funtua. Hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, KTARDA, tana da malaman gona da aikinsu ke nan, gonar gwaji. Akwai jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma cike da ɗaliban da ke neman inda za su yi aikin koyarwa. Kuɗin buga takardar shaida da sayen ma'aunin zafi da sikeli goma bai kai abin da dillalin hatsi ɗaya a kasuwar Dandume ke kashewa a kofin ƙwallon unguwa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da suka fi son gina ƙofar makaranta mai suna a jiki, su ma ga wuri.

Kuma a teburin alƙalai ina so in ga manomi ɗaya, dattijo, ko bai yi boko ba. Malamin jami'a zai duba ko jadawalin ya yi kyau. Dattijon shi ne zai ɗebi waken ya murza a tafin hannu, ya tambayi yarinyar ko ta shanya shi ya bushe kafin ta rufe a gora, domin ya san ɗanyen wake in aka toshe masa iska ruɓewa yake yi. In ta ce ta shanya, zai tambaye ta kwana nawa, a kan taburma ko a kan siminti. Mai gyaran rediyo ba zai iya rubuta mata wannan amsar ta haddace ba. Sai ta buɗe littafinta mai shafi arba'in, wanda gefensa ya yi baƙi da toka, ta nemo ranar.